Gasar Olamfik ta Hunturu: Yaya Birni Ke Samun Baƙuncinta, Kuma Wa Ke Biyan Kuɗin?

Tun da hotunan gasar Olamfik ta hunturu ta 2026, wadda aka bai wa Milan da Kortina na ƙasar Italiya, suka fara yawo a wayoyin mutane, tambaya ɗaya ke yawan fitowa a majalisun Maradi: wa ke yanke cewa wannan birni ne zai karɓi gasar, kuma bisa wane ma'auni? Wata safiya a teburin mai shayi, lokacin da iskar hunturu ta sa kowa ya naɗe kunnuwansa da rawani, wani dattijo ya leƙa wayar wani matashi, ya ga mutane suna gangarowa daga kan farin dutse kamar an harbo su, sai ya ce: "Ai yaro, layi ake bi, kamar yadda aka yi da bikin 18 ga Disamba ko kokawar takobi, bana nan, baɗi can." Matashin ya amsa cikin ladabi: "A'a Baba, duk ƙasar da ta fi ƙanƙara ita ake ba." Babu wanda ya dace a cikinsu. Baƙuncin wannan gasa yarjejeniya ce ta kasuwanci da siyasa, wadda mai gasar ke riƙe da suna da haƙƙin mallaka, mai masauki kuma ya ɗauki nauyin gini da haɗarin asara.

Wace gasa ake nufi, kuma ta wa ce?

An fara gasar hunturu a 1924 a garin Shamoni na Faransa. Har zuwa 1992 ana yin ta a shekara ɗaya da babbar gasar bazara da muka fi sani, wadda Isaka Dabore ya ciyo wa Nijar tagulla a dambe a 1972, Abdul Razak Alfaga kuma ya ciyo azurfa a taikwando a 2016. Daga gasar 1994 da aka yi a Lilehama ta ƙasar Nowe aka raba su, kowace ta ci gaba da zuwa bayan shekara huɗu, da tazarar shekara biyu tsakaninsu. Ta hunturu ita ce ƙaramar, domin 'yan wasanta ba su cika wuce 3,000 ba, alhali ta bazara tana tara sama da 10,000.

Hunturun da ake magana a kai ya sha bamban da namu, wanda iyakarsa ruwan randa ya kama haƙori amma bai daskare ba. Wasannin sun kasu gida biyu. Akwai na daskararriyar ƙanƙara, irin su hoki da tseren zamiya da takalmi mai kaifi, waɗanda ake yi a cikin rufaffun zauruka masu na'urar sanyaya ƙasa, don haka ana iya yin su a tsakiyar babban birni. Akwai kuma na dusar ƙanƙara, waɗanda sai a kan duwatsu. Wannan ne ya sa mai masauki yake buƙatar wuri biyu a lokaci guda, birni da tsauni, tare da hanyar da za ta haɗa su, kuma yawancin tsadar gasar daga nan take tasowa.

Mai gasar shi ne Kwamitin Olamfik na Duniya, mai hedikwata a Lozan ta ƙasar Suwizalan. Ƙungiya ce mai zaman kanta, mambobinta sun ɗan haura ɗari, kuma kwamitin ne da kansa ke zaɓar su, ba gwamnatoci ke turo su ba. Birni ba ya kai takardarsa kai tsaye, sai ta hannun kwamitin Olamfik na ƙasarsa.

Tsohon tsari: takara, ƙuri'a da toshiyar baki

Shekaru da dama tsarin ya yi kama da zaɓe. Birane suna bayyana sha'awarsu, su rubuta kundin takara mai ɗaruruwan shafuka wanda ke bayyana filayen wasa, masaukai, tsaro, sufuri da kasafin kuɗi, sannan wata tawaga ta zo ta duba da idonta. Shekara bakwai kafin gasar, mambobi suna taruwa su kaɗa ƙuri'a a asirce, ana fitar da mai ƙarancin ƙuri'a zagaye bayan zagaye har wani ya sami rinjaye. Takarar kanta tana cin miliyoyin daloli, kuma wanda ya faɗi ba a mayar masa da ko sisi. Garin Piyonchan na Koriya ta Kudu ya sha ƙasa sau biyu, a hannun Bankuba ta Kanada da kuma Soci ta Rasha, kafin ya yi nasara a 2011 a taron da aka yi a Durban.

Inda ƙuri'a take a asirce kuma masu kaɗa ta ba su da yawa, kwaɗayi yana samun ƙofa. A ƙarshen 1998 aka bankaɗo cewa masu neman gasar 2002 ga birnin Solt Lek na Amurka sun riƙa biya wa 'ya'yan wasu mambobi kuɗin makaranta, suna ɗaukar nauyin asibitinsu, suna ba su kyaututtuka. Mambobi 10 ne suka rasa kujerunsu, an kori 6, 4 suka yi murabus. Abin da ba a cika son faɗa a nahiyarmu ba shi ne da dama daga cikinsu 'yan Afirka ne, daga ƙasashen da ba su da wani tasiri a wasannin hunturu. A ganina dalilin ba shi da wuyar ganewa: mutumin da ba shi da ɗan wasan da zai ji a jikinsa idan filin bai yi kyau ba, amma ƙuri'arsa daidai take da ta kowa, shi masu neman ƙuri'a za su fara zawarci. Bayan wannan abin kunya aka hana mambobi kai ziyara biranen da ke takara.

Lokacin da birane suka fara cewa a kai kasuwa

Gasar Soci ta 2014 ta canza lissafi. Rasha ta ɗauki wani garin shaƙatawa na bakin teku, mai ɗumi, ta gina kusan komai daga tushe, har da hanyar mota da ta jirgin ƙasa zuwa kan duwatsu, kuma alƙaluman da aka fi ambata sun kai kimanin dala biliyan 50, adadin da ya ninka kasafin kuɗin Nijar na shekara sau da dama. Masu biyan haraji a Turai suka ga wannan adadi suka ja da baya.

Birane shida ne suka fara neman gasar 2022. Sitokholm ta Suwidin ta janye, mutanen Karakof na Folan suka ƙi ta a ƙuri'ar raba gardama, Libib ta janye saboda rikicin Yukiren, sannan a watan Oktoban 2014 Oslo ta fita bayan gwamnatin Nowe ta ƙi sa hannu a kan lamunin kuɗi. Fitar Oslo ta fi kowace zafi, domin Nowe ce ƙasar da ta fi kowa lambobin yabo a tarihin gasar, kuma jaridunta sun yi ta ba'a da buƙatun kwamitin, irin su keɓe wa mambobi layukan mota na musamman da shirya musu liyafa tare da sarki. Aka bar Almati ta Kazakistan da Bejin ta Sin, kuma a 2015 Bejin ta yi nasara da ƙuri'a 44 da 40, duk da cewa duwatsunta ba su samun dusar ƙanƙara mai yawa. Wannan kaɗai ya isa ya rushe maganar matashin teburin shayi.

Haka aka sake yi a neman gasar 2026. Jama'ar yankin Insburuk na Ostiriya sun ƙi a 2017, na yankin Siyon a Suwizalan sun ƙi a 2018, kuma a Kalgari ta Kanada kashi 56 cikin ɗari suka ce ba su so. Biyu suka rage, kuma a ranar 24 ga Yunin 2019 Milan da Kortina suka doke Sitokholm da ƙuri'a 47 da 34. Ƙin baƙunci yana da tsohon tarihi: an bai wa birnin Denba na Amurka gasar 1976, amma a 1972 masu zaɓe a jihar Kolorado suka hana a taɓa kuɗin jiha, dole aka mayar da gasar Insburuk.

Sabon tsari: tattaunawa a ɗaki

Da kwamitin ya ga masu neman auren suna raguwa, sai ya sauya salon neman. Tun daga 2019 an soke ƙa'idar shekara bakwai, an kafa wani ƙaramin kwamiti na dindindin mai kula da masu masaukin gaba. Duk mai sha'awa yana iya shiga tattaunawa ba tare da ya ɗaure kansa ba. Idan aka ga wanda ya fi dacewa, sai a shiga tattaunawa ta musamman da shi, majalisar zartaswa ta gabatar da sunansa, babban taro ya amince. Haka kuma an yarda mai masauki ya zama yanki guda, ko birane da dama, kuma ana ƙarfafa amfani da gine-ginen da ake da su ko na wucin gadi, ko da suna wata ƙasa.

Da wannan tsari aka raba gasa biyu a rana ɗaya, 24 ga Yulin 2024 a Paris: ta 2030 ga yankin tsaunukan Alf na Faransa, ta 2034 ga Solt Lek, kowace ba tare da abokin hamayya a takardar ƙuri'a ba. Ta Faransa ma da sharaɗi aka ba ta, domin a lokacin ƙasar ba ta da cikakkiyar gwamnatin da za ta sa hannu a kan lamunin kuɗi, sai daga baya aka cika sharaɗin.

Masu goyon bayan tsarin suna cewa ya rage ɓarnar kuɗin takara, ya kuma rage yawan biranen da ake kunyatawa a bainar jama'a. Masu suka suna cewa an cire shawarar daga hannun mambobi sama da ɗari an danƙa ta ga mutane ƙalilan, kuma ba a cika sanin dalilin da ya sa aka fifita wani a kan wani ba. Sukar tana da ƙarfi har a cikin gida, domin jim kaɗan bayan Kirsty Coventry ta Zimbabuwe ta kama aiki a watan Yunin 2025, a matsayin mace ta farko kuma 'yar Afirka ta farko da ta shugabanci kwamitin, ta sanar da cewa za a dakata a sake nazarin yadda ake zaɓar masu masauki.

Wa ke biya, wa ke ɗaukar asara?

A nan ne aka fi rikita jama'a, domin kasafi biyu ne ake da su, kuma mai son gasar yana ambaton ɗaya, mai ƙin ta yana ambaton ɗayan. Na farko shi ne kasafin gudanar da wasannin: ma'aikata, abinci, na'urori, bukukuwan buɗewa da rufewa. Wannan yawanci yana fitowa daga tikiti, kamfanonin talla na cikin gida, da gudummawar kwamitin duniya, wadda ta kai dala miliyan 925 a alƙawarin gasar 2026. Kwamitin kuwa mafi yawan kuɗinsa daga haƙƙin nuna wasanni a talabijin yake samu. Kamfanin NBC na Amurka kaɗai ya amince a 2014 zai biya dala biliyan 7.75 don gasannin da za a yi har zuwa 2032.

Kasafi na biyu shi ne na gine-gine: filaye, hanyoyi, layin dogo, filin jirgin sama, wuta da ruwa, ga kuma tsaro. Wannan daga baitulmali yake fitowa. Kafin a miƙa gasar, dole hukumomin ƙasar su ba da lamuni a rubuce cewa idan aka sami giɓi su za su cike, za su saukaka shigar baƙi, za su yi rangwamen haraji, za su kuma kare tambarin gasar da na kamfanonin da suka ɗauki nauyinta. Masu bincike a jami'ar Okisfod sun duba gasannin Olamfik tun daga 1960, suka samu cewa duk waɗanda aka sami alƙalumansu sun zarce kasafin da aka tsara musu. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa ginin gidan aure: ranar biki ba ta matsawa, don haka idan aiki ya makara, magini ne ke faɗin farashi.

Shirin kansa: dutse, ƙanƙara da hanya

Da zarar an sa hannu, sai a kafa kwamitin shiryawa na cikin gida, kwamitin duniya kuma ya naɗa tawagar da za ta riƙa zuwa duba aiki. Kowane wasa yana da ƙungiyarsa ta duniya, kuma ita ke tabbatar da cewa filin ya cika ƙa'ida. Tseren gangare na maza, alal misali, yana buƙatar saukowar da ba ta gaza mita 800 ba daga wurin tashi zuwa wurin ƙarewa. A Sarayebo ta tsohuwar Yugoslabiya a 1984 dutsen ya gaza da 'yan mitoci, sai aka ɗora wurin tashin a saman wani gini da aka yi a ƙololuwarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa ake shirya gasannin gwaji tun kimanin shekara guda kafin ranar, don a ga inda filin, na'urorin auna lokaci ko motocin ɗaukar jama'a za su ba da matsala.

Ginin da ya fi kowane jawo gardama shi ne magangarar amalanken ƙanƙara, wasan da 'yan matan Najeriya uku suka shiga a Piyonchan a 2018 har duniya ta ɗauka. Wata doguwar kwata ce ta kankare mai lanƙwasa, ta fi kilomita guda, an shimfiɗa bututun sanyi a jikinta don ƙanƙarar ta zauna. Tana da tsadar gini da tsadar riƙo, kuma masu yin wasan a duniya ba su da yawa. Italiya ta gina irinta a Cezana don gasar Turin ta 2006 a kan sama da yuro miliyan 100, bayan 'yan shekaru aka rufe ta. Da gasar 2026 ta zo, kwamitin duniya da kansa ya ba da shawarar a yi amfani da wadda ake da ita a maƙwabta, Ostiriya ko Suwizalan, amma gwamnatin Italiya ta ƙi yarda a fitar da wasan daga ƙasarta, aka sare ɗaruruwan itatuwa a Kortina, aka fara sabon gini a farkon 2024 cikin gaggawa, a kan kimanin yuro miliyan 118. Wannan misali yana nuna cewa ba kullum ne mai gasar ke tilasta kashe kuɗi ba, wani lokaci girman kai na mai masauki ne.

Sai batun dusar kanta, wadda ba ta da alƙawari. A Insburuk a 1964 sojojin Ostiriya ne suka yi ta ɗebo ta daga wasu duwatsu suna kawowa filin wasa. A Bankuba a 2010 an kawo ta da manyan motoci da jirage masu saukar ungulu. A Soci an tara ta tun hunturun da ya gabata, aka lulluɓe da manyan barguna masu hana narkewa, kamar yadda mai sayar da ƙanƙara a kasuwa ke binne ta cikin buhu da ɗusar katako. Yanzu inji ake dogara da shi: ana tura ruwa da ƙarfi tare da iska ta cikin wasu manyan bututu masu kama da bakin igwa, ya fita a matsayin feshi, ya daskare kafin ya sauka. An fara amfani da wannan dabara a gasar 1980, kuma a Bejin a 2022 kusan duk dusar da aka yi wasa a kanta ta inji ce. Injin yana buƙatar wuta mai yawa, da tafkunan ajiye ruwa a kan dutse, da kuma sanyin da ya kai na daskarewa, in ba haka ba ruwa kawai zai zubar. Wanda ya san abin da jarka ke kaiwa a hannun 'yan garuwa cikin watan Afrilu zai fahimci dalilin da ya sa aka yi ta ƙorafi a kan ruwan da aka kwasa a busassun yankunan arewacin Bejin.

Sauran shirin ya haɗa da ƙauyen 'yan wasa, dubban 'yan sa kai, da sufuri. Sin ta buɗe layin jirgin ƙasa mai gudun tsiya daga Bejin zuwa Janjiyako, inda aka yi wasu daga cikin wasannin dusar ƙanƙara, a ƙarshen 2019. Italiya kuwa ta zaɓi warwatsa wasannin a faɗin murabba'in kilomita kusan 22,000 don ta yi amfani da filayen da take da su, abin da ya rage gini amma ya tsawaita tafiya tsakanin wurare.

Bayan baƙi sun watse

Gasar kwana 16 ko 17 ce, sai ta masu buƙata ta musamman da ke biyo baya, amma gine-ginen da bashin suna zama shekaru. Koriya ta Kudu ta rushe filin bukukuwanta mai kujeru 35,000 bayan an yi amfani da shi sau huɗu kacal, kuma ta sare wani tsohon daji a kan dutsen Gariwan don tseren gangare. A Soci an tashi iyalai da dama daga gidajensu. A gefe guda kuma, Bankuba ta gaji layin jirgin da ke haɗa birnin da filin jirgin sama, Milan ta tsara mayar da ƙauyen 'yan wasanta gidan kwanan ɗalibai, Solt Lek kuma ta ware wani kaso na rarar kuɗin 2002 a asusu na musamman don riƙon filayenta, shi ya sa suka rayu har ta sake samun gasar 2034 ba tare da buƙatar manyan sababbin gine-gine ba.

Ga talaka, amfanin da ya fi tabbata shi ne hanya, wuta da gidaje, idan daman garin yana buƙatarsu. Aikin gini yana ƙarewa da ginin, cinikin baƙi na 'yan makonni ne, kuɗin haya kuwa idan ya hau ba ya saurin saukowa.

Ina ruwan mutumin Maradi?

Babu wanda ke tunanin za a yi wannan gasa a Nijar, ko da yake dutsen Bagzan na yankin Ayir ya haura mita 2,000. Amma lissafin ba baƙo ba ne a wurinmu. Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a 2005 da taron ƙolin Tarayyar Afirka a 2019, Maradi kuma ta karɓi bikin 18 ga Disamba na 2015 a ƙarƙashin shirin Maradi Kwalliya. Kowa a garin nan yana iya nuna abin da aka yi a lokacin wanda har yau ake mora, yana kuma da nasa ra'ayi a kan ko kwalliyar ta biya kuɗin sabulu. Dakar ma an ba ta gasar Olamfik ta matasa ta 2026, wadda ita ce gasar Olamfik ta farko da aka bai wa nahiyar Afirka, kuma Senegal ta karkata ga gyara filayen da take da su da saukar da 'yan wasa a gidajen kwanan jami'a.

Ɗumamar yanayin da ke rikita mana damina tana kuma rage wuraren da za su iya karɓar gasar hunturu. Wani bincike da jami'ar Watalu ta Kanada ta jagoranta a 2022 ya nuna cewa idan aka ci gaba da fitar da hayaƙi yadda ake yi, daga cikin birane 21 da suka taɓa karɓar gasar, Sapporo ta Japan ce kaɗai za a iya dogara da sanyinta a ƙarshen wannan ƙarni. Kwamitin duniya ya faɗa a 2023 cewa zuwa 2040 ƙasashe 10 ne kawai za su iya ɗaukar wasannin dusar ƙanƙara, kuma daga cikin mafitar da ya tattauna akwai keɓe wasu 'yan wurare amintattu a riƙa zagayawa da gasar a tsakaninsu. Idan aka ɗauki wannan shawara, maganar dattijon teburin shayi za ta tabbata, a koma bin layi, bana nan, bayan shekara huɗu can.